Ritaya a Jos ko a Manchesta: in karɓi fasfon Birtaniya kafin in tattaro kayana?

Ɗan Gangare ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Daga Jos nake rubuto wannan tambaya, inda na zo hutun mako biyar, kuma saura kwana tara in koma bakin aiki a Manchesta. A Gangare aka haife ni a shekarar 1963, na yi aikin jinya a nan Filato tsawon shekara goma sha shida, sannan na tafi Ingila a 2003, lokacin da asibitocin can suke ɗibar ma'aikatan jinya daga ƙasashen waje. A 2008 na sami izinin zama na dindindin, daga nan kuwa ban sake waiwayar maganar takardu ba. Maiɗakina da 'ya'yanmu huɗu duk sun daɗe da karɓar fasfon Birtaniya, ni kaɗai na rage da koren fasfo a gidan, shi ya sa duk lokacin da aka shirya tafiya Sifen ko Faransa ni ne mai cike fom ɗin biza, su kuwa suna ta yi mini tsiya.

Ba kasala ce ta hana ni ba. Ranar da zan tafi, mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya riƙe hannuna a zaure ya ce in je in nemo abin da zan nemo, amma kada in kuskura in zama nasu. Shekara ashirin da biyu ke nan maganar tana kunnena, kuma duk sanda na tuna cewa fasfon ba ya samuwa sai an yi alkawarin biyayya ga sarkin Ingila, sai in ji jikina ya yi sanyi.

Yanzu ritaya ta ƙarato. Bisa ƙa'idarsu, wanda aka haifa a shekarata sai ya cika 67 zai fara karɓar fanshon gwamnati, wato a 2030. Na gina gida a gefen hanyar Bauchi, ginin da ya ci shekara goma sha ɗaya da ɓacin rai iri-iri da ba zan tona a nan ba, kuma a wannan zuwan na fara kwana a cikinsa. Da asuba nakan taka zuwa masallacin unguwa cikin sanyin nan namu na Jos, idan an idar mu zauna a bencin mai shayi da mutanen da muka yi firamare tare, sai ka ji wani ya kira ni da laƙabin da ba wanda ya san ni da shi a Manchesta. Ni kuma a sashen tsofaffi nake aiki, na san yadda ƙarshen rayuwa yake zuwa wa mutane da yawa a can. Na taɓa jinyar wani dattijo wata uku ba wanda ya leƙo shi ko sau ɗaya, da ya cika ni na haɗa agogonsa da tabaransa da haƙoran robarsa a leda na rubuta sunansa a jiki, ledar nan ta yi makonni a durowa ba a zo ɗauka ba.

Cikas ɗin shi ne Hajiya, maiɗakina, ta ce ba inda za ta. Jikokinmu biyar suna can, tana fama da ciwon sukari da hawan jini, kuma maganinta kyauta take karɓa. Don haka nake neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Shin izinin da ke hannuna ya isa in dawo gida in riƙa leƙa su, ko sai na karɓi fasfon? Idan na karɓa, me zai sami matsayina na ɗan Najeriya, kuma yaya fansho yake kasancewa ga wanda ya tare a nan gaba ɗaya?

Lauya daga Wuse ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah Ya ƙara lafiya. Batun zama ɗan Najeriya shi ne mafi sauƙi, don haka zan wuce shi da sauri. Bisa sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda yake rasa zama ɗan ƙasa idan ya karɓi na wata ƙasa shi ne wanda ba haifaffen ɗan Najeriya ba. Kai haifaffe ne, koren fasfonka yana nan daram, kuma Birtaniya ma ba ta sharɗanta wa kowa ya ajiye fasfonsa na asali.

Inda gizo yake saƙa shi ne izinin da kake kira na dindindin, domin sunan ya fi abin girma. Idan mai shi ya yi shekara biyu cur a jere a wajen Birtaniya, izinin yana faɗuwa da kansa, ba tare da an aiko masa da wasiƙa ba. Za ka ce ai duk shekara za ka leƙa, kuma haka ne, leƙawar tana katse lissafin. Amma wannan yana nufin ka ɗaure tsufanka da tikitin jirgi, alhali mutum mai shekara saba'in da biyar ba shi yake yanke wa kansa ranar da zai iya zaman awa shida a kujerar jirgi ba. Ga shi kuma dokar shige da ficensu ba ta zama wuri ɗaya. Katin izinin zama ya daina aiki a ranar 31 ga Disamba 2024, aka mayar da shaidar kan intanet, a watan Mayun 2025 kuma gwamnatinsu ta fito da shawarar mayar da wa'adin samun izinin dindindin daga shekara biyar zuwa goma ga masu zuwa nema. Wanda ya tuna badaƙalar Windrush ta 2018, inda aka hana mutanen da suka shafe shekaru hamsin a ƙasar aiki da magani, wasu ma aka fitar da su, har sakatariyar cikin gida Amber Rudd ta ajiye muƙaminta, ya san cewa daɗewa a wuri ba ta maye gurbin takarda.

Akwai wani abu da nake so ka lura da shi, domin a nan ne Hajiya ta yi maka rana ba ta sani ba. Dokar zama ɗan Birtaniya ta 1981 ta buɗe ƙofa biyu. Ta farko tana neman zaman shekara biyar, kuma dole mai nema ya bayyana cewa niyyarsa ita ce Birtaniya ta ci gaba da zama babban gidansa, wanda a halinka zai zama ka sa hannu a kan abin da ba shi ne a zuciyarka ba. Ta biyu kuwa ta mijin ko matar ɗan ƙasa ce, zaman shekara uku take nema, kuma babu wannan sharaɗi na niyya a cikinta. Ta nan ya kamata ka bi. Ka dai ƙirga kwanakin da ka yi a waje, kada su wuce 270 a cikin shekara ukun, kada kuma su wuce 90 a watanni goma sha biyun ƙarshe, sannan ka tabbatar kana cikin ƙasar a daidai ranar da shekara ukun ta fara. Tunda a 2008 ka sami izini, ka riga ka ci jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya, kuma sakamakonta ba ya tsufa. Saura shaidar Turanci, wadda ake yafewa idan mutum ya kai 65, amma ban ga dalilin jira ba tunda kuɗin nema ya haura fam 1,500 kuma hawa yake yi.

Game da rantsuwa, hukuncinta na addini na bar wa malamai. Abin da ke cikin doka shi ne ana ba da zaɓi tsakanin rantsuwa da sunan Allah da kuma furta alkawari kawai ba tare da ambaton Sa ba.

Kada kuma fasfon ya ruɗe ka. Asibitin gwamnati a can kyauta ne ga mazaunin ƙasar, ba ga mai fasfo ba. Ɗan Birtaniya da ya tare a Jos, idan ya je ziyara aka kwantar da shi, ana iya cajinsa ninki ɗaya da rabi na kuɗin jinyar. Abin da fasfon yake ba ka shi ne ikon komawa ka zauna duk ranar da ka ga dama, ranar da ka koma da zama kuwa hakkin magani ya dawo. Haka nan muddin kana cikin Najeriya ɗan Najeriya ne kai, ofishin jakadancinsu da ke nan Abuja ba zai shiga tsakaninka da hukumomin ƙasarka ba.

Hajiya daga Anguwar Rogo ta amsa:

Yaya, na karanta tambayarka sau biyu kafin in iya rubuta komai, domin kamar da bakin maigidana marigayi kake magana. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙin bas a Landan, muka tattaro muka dawo Jos a ƙarshen 2016, mu biyun da izinin dindindin kawai, saboda shi ma cewa yake yi ba zai mutu da jan fasfo a aljihu ba. Mun yi niyyar komawa ziyara, amma yau ana zuba dakin bene, gobe auren ƙanwarsa, jibi an buɗe shagon kayan gini, har shekara biyun ta cika ba wanda ya lura.

A farkon 2020 ƙodarsa ta fara ba shi wahala. 'Yarmu da ke Landan ta ce mu taho, a nan ne muka gane cewa mun zama baƙi kamar kowa. Akwai bizar da ake ba tsohon mazauni mai son komawa, amma sai ya nuna ƙaƙƙarfar alaƙa da ƙasar da dalilin daɗewarsa a waje, muna cikin haɗa takardun ne aka rufe filayen jiragen sama a watan Maris saboda korona, ba a buɗe su ga jiragen waje ba sai Satumba. Lokacin jikinsa ya wuce tafiya. Likitocin nan sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu sai godiya, amma wankin ƙoda sau biyu a mako daga aljihu ake biya, kuma ina da wani littafin makaranta mai layi da nake rubuta kuɗin kowane zuwa a ciki, wanda har yau ban iya buɗe shi. Shagon ya tafi, filinmu na Bukuru ya bi shi. Ya rasu a 2021, aka yi masa salla bayan Azahar a ranar da ya cika, jama'a har bakin titi, kuma na san haka ya so. Ban taɓa yin nadamar cewa a gida ya mutu ba. Abin da yake ci mini rai shi ne ba mu muka zaɓa ba, sakaci ne ya zaɓa mana.

Batun fansho kuwa ka buɗe kunne. Za su biya ka a Najeriya, fasfo ko ba fasfo, amma kuɗin yana daskarewa a kan adadin da ka fara karɓa, domin Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake yi wa ƙarin shekara-shekara, kamar yadda Kanada da Ostireliya ma ba sa ciki. Cikakken sabon fansho fam 155.65 ne a mako a 2016, a 2025 ya kai fam 230.25, wanda ya tare a nan tun 2016 kuwa yana nan a kan na farkon. Kuma cikakken sai mai shekara 35 na biyan kuɗin inshorar ƙasa, kai kuwa ko ka kai 2030 ba za ka cika su ba, don haka ka nemi su ba ka ƙiyasin abin da za ka samu a rubuce, haka ma na wurin aikinka. Mutane za su ce maka ai fam ne, naira kullum faɗuwa take. Gaskiya ne dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, amma a 2024 ɗin hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari, kuma wanda ya dawo daga Turai ba bakinsa kaɗai yake ciyarwa ba. Lokaci-lokaci kuma suna aiko da takardar tabbatar da cewa kana raye, idan ba ta koma a kan kari ba su tsayar da biya.

Sannan kada ka ɗauki maganar Hajiyarka a matsayin taurin kai. Kai za ka dawo ka tarar da masallaci da majalisa da abokan firamare. Ita za ta dawo ta tarar da gida mai ɗaki biyar da dangin miji, ga jikokinta a waya.

Tsohon Takari daga Dilimi ya amsa:

Malam, ku mutanen Ingila har zaɓi gare ku, shi ya sa kuke da lokacin jinkiri. Ni shekara ashirin da takwas na yi a Jidda ina aiki a wani kamfanin sufuri, kuma a can ba a tambayar mutum inda yake son yin ritaya. Iƙamarka, wato izinin zamanka, tana hannun kafilinka, ranar da aiki ya ƙare za a lissafa maka kuɗin sallama, rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan, a buga maka hurujun ƙarshe, wato bizar fita ba dawowa, shi ke nan. Da aka sa harajin iyali a Yulin 2017, riyal 100 a wata a kan kowane mutum, yana hawa har ya kai 400 a 2020, sai na fara turo yarana gida ɗaya bayan ɗaya. An fito da iƙama ta dindindin a 2019, amma riyal 800,000 ce, ba don irinmu aka yi ta ba. Da an miƙo mini abin da ake miƙo maka, da ban tsaya neman shawara ba.

Amma ba wannan ya sa na yi magana ba. Mahaifinka ya ce kada ka zama nasu, to ina so ka tambayi kanka, a nan ɗin na wa ka zama? Kakanninmu haƙar kuza ce ta kawo da yawansu tudun nan tun farkon zamanin Turawa, a nan aka haifi iyayenmu, a nan aka binne su. Duk da haka da ɗana ya tashi neman aikin gwamnati aka ce ya kawo takardar shaidar asali, sai aka nuna masa hanyar garin da kakan kakansa ya fito, garin da ko ni ban taɓa kwana a cikinsa ba. Yaron da aka haifa a Jidda bai zama Basaudiye ba, ya dawo Jos an ce baƙo ne. Ban kawo wannan don tayar da tsohon miki ba, 'yan uwanmu Birom da Anaguta da Afizere suna da nasu hujjojin, kuma duk wanda ya ga rikice-rikicen Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010 ba ya fatan a sake. Nufina shi ne ni ban ƙara raina takarda ba. Jos gidana ce, ba na neman izinin kowa kafin in faɗi haka, amma na ga ranar da takarda ta fi tarihin mutum ƙarfi a gaban tebur.

Malamin makaranta daga Rikkos ya amsa:

Ranka ya daɗe, ni ƙaramin ɗanka ne, amma ka yi haƙuri in saɓa wa manya. A layinmu akwai gidaje uku na mutanen da suka ce za su dawo, dukkansu masu fasfo biyu ne, kuma dukkansu maigadi ne yake kwana a ciki. Suna zuwa da Babbar Salla, su raba nama, su yi ƙorafin wuta da hanya, su koma. Mai ƙofar fita a bayansa ba ya haƙuri da abin da mu muke haƙuri da shi, ciwon kai kaɗan sai a nemi tikiti. Asibitocinmu kuwa suna kukan rashin irinku, masu shekara talatin da wani abu a aikin jinya. Idan za ka karɓi fasfon ka karɓa, amma ina tsoron ya zama shi ne zai hana ka dawowar da kake mafarki.

Ɗan Gangare ya sake rubutawa:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya sa jinyar ta zama kaffara. Na karanta wa maiɗakina amsarki ta waya, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in tambaye ki ko za ki yarda ta kira ki idan ta zo a Disamba.

Jiya da dare na ɗauko fasfona na bi hatiman shiga da fita ɗaya bayan ɗaya da biro da takarda. Kwana 148 na samu a shekara ukun, 35 daga ciki na wannan zuwan ne, don haka ina cikin iyaka. Zan shigar da takardun ta ƙofar da Lauya ya nuna idan na koma, bayan na zauna da limaminmu na can a kan lafazin alkawarin. Gobe kuma in sha Allahu zan je maƙabarta in ziyarci mahaifina kafin in tafi.

Malam na Rikkos, maganarka ta fi kowace zafi, kuma ba ni da amsarta yanzu, domin gidana ma maigadi ne a ciki shekara uku. Abin da muka fara tattaunawa da maiɗakina shi ne idan na rage kwanakin aiki mu gwada zaman wata uku a jere a nan, daga Nuwamba zuwa Janairu, mu ga yadda sukarinta zai yi da abincin gida, mu kuma ga ainihin abin da wata ɗaya yake ci. Kafin nan dole in sa sola da batir da za su riƙe firji dare da rana saboda allurar insulin ɗinta. Wanda ya sa irin wannan a gidansa a nan Jos, don Allah ya gaya mini ƙarfin da ya isa firji ɗaya da fitilu da famfon rijiyar burtsatse, da kuma yadda yake yi da shi a watan Agusta idan hadari ya kwana uku bai buɗe ba.